Imel ɗin jami'a ba aljihunka ba ne

'Yan uwa sababbin zuwa Amurka karatu, musamman masu mastas da PhD da ake ba aikin koyarwa ko bincike a jami'ar gwamnatin jiha, don Allah ku kula da imel ɗin nan da aka buɗe muku. Kowace jiha tana da dokar da ta ba jama'a damar neman takardun hukumominta, kuma jami'ar jiha hukuma ce, ɗan jarida ko lauya ko wani ɗan shisshigi zai iya rubuto takarda ya ce a ba shi saƙonnin da suka shafi aiki kaza. Za ku ji ana ta cewa FOIA, wato dokar 'yancin samun bayanai, to ita waccan ta 1966 hukumomin tarayya ta shafa, ta jiha daban take. Fulorida ce ta fi kowa suna wajen buɗe komai, a jihohi da yawa ma har albashin malamai yana intanet.

Ba komai ake saki ba, akwai abubuwan da doka ta ware, kamar bayanan asibiti da na ɗalibai, wasu jihohin har binciken da ba a wallafa ba. Amma fa kafin a ce wannan sirri ne sai wani a ofishin lauyan jami'a ya zauna ya karanta ya tace. Kana so baƙo ya karanta rigimar gadon gidanku ko hirar neman aurenka? Buɗe Gmail naka daban kawai ka huta.

Makinka kuwa dokar FERPA ta 1974, wato dokar sirrin bayanan ɗalibai, ta kare shi. Ko Baba da ke biyan kuɗin makaranta ya bugo waya, yawanci za su ce sai ka sa hannu, haka ma hukumar da ta ba ka sikolashif, fom ake cikewa. Sai dai suna, adireshi, lambar waya da fannin karatu ana iya bayar da su in ba ka je ofishin rijista ka ce a rufe ba, ni dai a makon farko nake ba kowa shawara ya yi hakan.

Kar kuma ka ɗauka FERPA za ta ɓoye ka daga imigireshan. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje dole ne ya shigar da adireshinka da matsayin rijistarka a SEVIS, wato rumbun bayanan ɗaliban waje na gwamnatin Amurka, in ka rage kwasa-kwasai ba izini kuwa bizarka ce za ta shiga matsala.