Yadda ake haɗa intakom na ɗauka a ƙaramin jirgin sama a kuma daidaita shi

Yawancin tsofaffin ƙananan jirage, irin su Cessna 150 da Piper Cub, sun fito daga masana'anta ba tare da na'urar da matuƙi zai yi magana da na kusa da shi ba, kuma ƙarar inji da farfela a cikinsu takan kai matsayin da sai an yi ihu kafin a ji juna. Intakom na ɗauka, wanda akwati ne ɗan ƙarami da ke shiga tafin hannu, shi ne ke maganin wannan. Haɗa shi ba ya da wuya. Inda sababbin matuƙa ke shan kashi shi ne wajen daidaita maɓalli guda ɗaya, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Ka fara da filogi. Kowane hedfon na ƙananan jirage yana da filogi biyu: mai kauri, PJ-055, na kunne ne, siririn kuma, PJ-068, na makirufo ne, don haka ba za a iya musanya su ba. Akwatin ma yana da irin waɗannan biyun a ƙarshen wayarsa, su ne za ka soka a ramukan jirgin na gefen matuƙi, sannan ka soka hedfon ɗinka a ramukan akwatin da aka ware wa matuƙi. Kada ka ce duk ramukan ɗaya ne, domin a mafi yawan waɗannan na'urori ramin matuƙi kaɗai ke ci gaba da haɗuwa da rediyo idan batir ya mutu. Ka tura kowane filogi har ƙarshe. Idan hedfon ɗin na helikwafta ne mai filogi ɗaya, U-174, sai da adafta, na soja kuwa makirufonsa ba ya dacewa da na farar hula, gara a bar shi a gida.

Wuta kuma, ni batir mai bolt 9 nake amfani da shi, da sabo guda a aljihu. Wayar da ake jonawa a ramin kunna sigari tana rage kashe kuɗin batir, amma sau da yawa takan kwaso kukan altaneta ta zuba maka a kunne, kuka mai tashi da sauka tare da gudun inji. Wanda ya nace sai ya yi amfani da ita, ya tabbatar ko jirgin mai bolt 14 ne ko 28, ya kuma duba ko akwatin yana ɗaukar duka biyun. Maɓallin magana da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, idan babu shi a jikin sitiyari, ana ɗaura na ɗauka a inda yatsa zai same shi, a jona shi yadda littafin na'urar ya nuna, domin tsarin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Bayan haka ka ɗaure akwatin, ka tattare wayoyin, ka juya sitiyari da feda zuwa iyakarsu don ganin babu abin da ya sarƙe.

Sai maɓallin da aka rubuta wa Squelch. Aikinsa kamar na mai gadin ƙofa ne: yana rufe makirufo muddin sautin da ke shiga bai kai wani mataki ba, ya buɗe shi da zarar murya ta haura matakin. Na sha ganin ɗalibai suna daidaita shi a rumfar ajiye jirage inji a kashe, komai shiru, su ji murya garau su yi murna, amma da an tayar da inji sai ƙarar ta buɗe makirufo ta ƙi rufewa, a yi tafiyar gaba ɗaya cikin shuuu mai sa ciwon kai. Daga nan sai su murɗe maɓallin har ƙarshe, sai kuma farkon kowace kalma ya riƙa yankewa, malami ya ce “rage gudu” ɗalibi ya ji “gudu” kawai.

Ga yadda ake yi. A tayar da inji yayin da rediyo yake a kashe, sannan a kunna rediyo da intakom. Kowa ya sa hedfon ɗinsa, makirufo yana kusan taɓa leɓe, da soson kare iska a kansa, kuma kowa ya yi shiru. Ka sa ƙarfin sauti a tsakiya, ka murɗa Squelch zuwa gefen da za ka ji ƙarar inji ta cika kunnenka, sannan ka dawo da shi sannu a hankali har daidai inda ƙarar ta ɗauke, ka ƙara ɗan kaɗan ka tsaya. Yanzu kowa ya yi magana ɗaya bayan ɗaya da muryarsa ta yau da kullum. Idan maganar wani tana yankewa, kada ka taɓa maɓallin tukuna, ka duba bakinsa, domin galibi makirufon ya yi nisa da leɓe ko ya juya baya. An ƙera waɗannan makirufo ne su yi watsi da sautin da ya zo daga nesa, don haka tazarar yatsa biyu ma ta isa ta raunana murya.

Wannan daidaitawar ta ƙasa ce kawai. Ƙara tana ƙaruwa lokacin gwajin inji, inda ake kai shi wajen zagaye 1,700 ko 1,800 a minti, ta ƙara ƙaruwa wajen tashi. A ra'ayina kada a taɓa maɓallin yayin tashi ko da makirufo ya buɗe, hannu da ido suna da aikin da ya fi wannan. A bari sai jirgi ya daidaita a sama sannan a sake yin abin da aka yi a ƙasa. Idan makirufo ya riƙa buɗewa da kansa babu mai magana, a duba ramin iska da ke busa makirufon wani, ko hedfon da aka bari a jone a kan kujerar da babu kowa, wanda ya kamata a cire.

Ƙarfin sautin rediyo a jikin rediyon ake daidaita shi, kuma ya ɗan ɗara na intakom domin muryar hasumiya ta rinjayi hirar fasinja. Idan kunne ɗaya kawai ke ji, a mayar da maɓallin hedfon daga sitiriyo zuwa mono. Kafin barin wurin ajiya ka nemi gwajin rediyo, inda ake ba da maki daga 1 zuwa 5, ka tabbatar alamar aika saƙo tana mutuwa idan ka saki maɓallin magana, domin maɓallin da ya maƙale yana toshe mitar ga kowa. Ka kashe akwatin sau ɗaya ka ji ko rediyo yana nan a kunnenka, ka kuma nuna wa fasinja maɓallin ISO da ke raba matuƙi da hirarsu idan aiki ya yi yawa.