Yadda ake sauraron Santana bayan shekarun ƙuruciyarsa

Yawancin masu fara sauraron makaɗin jita Carlos Santana kundin zaɓaɓɓun waƙoƙinsa suke saukewa, su ji shi sau biyu, su ɗauka sun gama sanin makaɗin. Saboda haka mataki na farko shi ne ka duba shekarar da aka haɗa kundin kafin ka kunna shi. Wanda ya fito a 1974 an tsinto shi ne daga faifansa uku na farko kawai, na 1969 zuwa 1971, lokacin da bikin kiɗa na Woodstock ya ɗaukaka sunan ƙungiyarsa. Faifan Caravanserai na 1972, inda ya karkata zuwa kiɗan jaz, ko waƙa ɗaya ba a ɗauka daga cikinsa ba.

Daga nan sai ka wuce zuwa Supernatural na 1999, kuma a nan ne akasari ake yin tuntuɓe. Yana da shekara 51 lokacin da faifan ya fito, ya kuma ci kyautar Grammy takwas a dare ɗaya a shekarar 2000, amma muryoyin da ke ciki na baƙi ne irin su Rob Thomas da Lauryn Hill, shi ya sa sabon mai sauraro yake bin mawaƙin ya manta da mai jitar. Doka ce a wurina ka ji kowace waƙa sau biyu. A karo na biyu ka kawar da hankalinka daga murya gaba ɗaya, ka lura da yadda yake jira mawaƙi ya kai ƙarshen layi sannan ya mayar masa da jita kamar ɗan amshi, da yadda yake riƙe sauti guda ya ja shi har ya cika wurin da matashin makaɗi zai cusa sauti goma. Wannan haƙurin shekaru ne suka ƙara masa shi.

Kada ka saurara ta lasifikar waya, domin gangunan konga ɓacewa suke yi. Abin sawa a kunne mai araha ma ya wadatar. Kada kuma ka bari manhaja ta cakuɗa maka jerin waƙoƙin.

Bayan haka ka nemi Africa Speaks na 2019, wanda ya yi da mawaƙiya Buika ta Sifaniya. Kundin Ultimate Santana na 2007 kuwa, wanda shi ma na zaɓaɓɓun waƙoƙi ne, ka bar shi sai ƙarshe, lokacin da za ka iya gane abin da aka tsallake.