Yadda Za a Koyar da Kalmar "Run" Ba Tare da An Tsaya a Kan "Gudu" Ba

Duk yaron da ya gama firamare a ƙasar Ringim ko Gumel ya san cewa kalmar Turanci "run" gudu take nufi, kuma wannan sanin ne yake zame masa tarko ranar da ya zauna jarrabawar NECO ko WAEC. Na taɓa bai wa 'yan aji biyu na babbar sakandare jimlar "My uncle runs a shop in the market" na ce su mayar da ita Hausa, sai wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta cewa kawunsa ya gudu daga shago ya shige kasuwa. Ban ga laifinsa ba, domin a kan haka muka ɗora shi tun yana ƙarami, wato kowace kalmar Turanci a ba ta abokiyar zama guda ɗaya a Hausa, a haddace. Alhali masu bitar babban ƙamus na Oxford, da suka kammala aiki a kan wannan kalma a 2011, sun lissafa mata ma'anoni 645 a matsayinta na aikatau kaɗai, har ta zarce kalmar "set" wadda aka ƙirga wa 430 a bugun 1989. Ba wanda zai haddace wannan adadi, kuma ba haddar ake bukata ba. Abin da malami zai bai wa ɗalibi shi ne dabarar gane ma'ana daga kalmomin da suke maƙwabtaka da ita.

Ranar farko, ka ajiye Turanci gefe, ka tambayi ajin me ake ci ban da abinci. Za ka ga hannuwa sun tashi har daga bencin baya inda ba a saba jin murya ba. Wani zai ce kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, wani ya ce ana cin jarrabawa, ana cin zaɓe, ana cin sarauta, ana cin bashi, ana cin amana. Alƙali yana cin mutum tara, wuta tana cin rumbu, ruwa yana cin wanda bai iya iyo ba, babbar riga tana cin yadi mai yawa. Ka rubuta su duka a allo, sannan ka tambaye su yadda aka yi ba su taɓa ruɗewa ba, har su zaci wanda ya ci amana cikinsa ne ya cika. Da kansu za su gaya maka cewa kalmar da ta biyo bayan "ci" ita ce take nuna inda aka dosa. Idan wannan amsa ta fito daga bakinsu, rabin aikin ya ƙare, domin sun gane cewa abin da yake ba su tsoro a Turanci suna yin irinsa kullum a gida.

Daga nan sai ka koya musu su fara duba wanda yake aikata aikin. Idan mutum ne ko dabba, kuma babu komai a bayan kalmar, to gudun nan ne da suka sani. Idan ruwa ne, Hausa da Turanci sun yi kusa da juna ƙwarai, domin "the river runs" daidai yake da kogi yana gudana, kamar yadda Kogin Haɗejiya yake gudana ya nufi gabas. Sai dai Bahaushe yakan fi son "zuba" a wasu wuraren: famfon da aka bari a buɗe yana zuba, hancin yaro mai mura yana zubar da majina, atamfar da rininta bai kama ba tana zuba idan an wanke ta, kuma duk waɗannan Bature "run" yake cewa. Yara sukan yi dariya idan aka nuna musu cewa "running stomach" da ake faɗa a Turancin Nijeriya ya yi daidai da gudawa, wadda ita ma daga gudu aka samo sunanta, amma ka ja musu kunne cewa a takardar jarrabawa "diarrhoea" za su rubuta.

Idan inji ne mai aikin, ka kai hankalinsu fadama. Injin ban-ruwa yana kafe a bakin rijiya ba ya motsawa ko taku ɗaya, amma muddin yana ƙara yana jawo ruwa, Bature zai ce "the engine is running", mu kuma mu ce yana aiki. Idan aka ce "it runs on petrol", ana nufin da fetur yake aiki. Motar haya da take jigila tsakanin Kano da Haɗejiya kowace rana ita ma haka ake cewa a kanta. Wanda ya fi ba su mamaki shi ne abin da yake kwance a ƙasa: layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya dangana da Nguru bai taɓa gusawa daga inda aka shimfiɗa shi ba, duk da haka a Turanci cewa ake yi "the line runs from Kano to Nguru", ma'ana ya miƙe daga nan zuwa can.

Abu na biyu shi ne su duba ko akwai suna da ya biyo bayan kalmar kai tsaye, irin su shago ko makaranta ko gona ko ƙungiya. Idan akwai, to gudanarwa ake nufi, kuma a nan ne nake ganin Hausa ta fi taimakon ɗalibi, domin gudu da gudana da gudanarwa duk 'yan gida ɗaya ne. Yaron da ya lura da haka ba zai sake korar kawunsa daga shago ba. Akwai 'yan kaɗan da suka kauce wa wannan tsari, kamar "run a temperature" ga mai zazzaɓi da "run errands" ga yaron da ake aike, waɗannan sai dai a riƙe su yadda suke.

Inda ya kamata malami ya daɗe shi ne a kan ƙananan kalmomin da suke maƙalewa a bayanta, irin su "out of" da "into" da "over" da "for", domin nan ne masu tsara tambayoyi suke ɗana tarkonsu. Ka rubuta jimloli biyu a jere: "He ran out of the room" da "He ran out of money". Ta farko ficewa ce daga ɗaki a guje, ta biyu kuwa kuɗi ne suka ƙare masa. Ka nuna musu cewa ginin jimlar ma juyawa yake yi, domin Bature mutumin yake sawa a gaba, mu kuwa abin da ya ƙare muke sawa, mu ce taki ya ƙare mana ana tsakiyar damina. Wanda bai kula da wannan juyi ba, shi ne zai rubuta Turancin da taki ne ya rasa manomi. Haka "run into": idan mutum ne ya biyo baya, kiciɓis aka yi da shi a hanya, idan bishiya ce, mota ce ta afka mata, idan bashi ne, mutum ya faɗa cikinsa. "Run over" kuma shi ne abin da tirela take yi wa akuyar da ta shiga titi, wato ta take ta.

Lokacin siyasa dama ce da bai kamata ta wuce malami ba, tunda kalmar tana cika jaridu da labaran rediyo. Abin sha'awa, inda Bature yake cewa "run for governor", Bahaushe cewa yake yi mutum ya tsaya takara, ɗaya yana gudu ɗaya yana tsaye, kuma kujera ɗaya suke nema. "Running mate" shi ne wanda ɗan takara ya ɗauka ya yi masa mataimaki, "runner-up" wanda ya zo na biyu, "run-off" kuma zagaye na biyu na zaɓe. Don su riƙe na ƙarshen, ka yi musu lissafi da jiharsu: tsarin mulkin 1999 ya ce sai ɗan takarar gwamna ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato 18 daga cikin 27 na Jigawa, in ba haka ba a koma zagaye na biyu.

Salon magana irin su "in the long run", wato idan tafiya ta yi nisa, da "it runs in the family", wato abin gado ne a jininsu yake, kada a fasa su kalma-kalma, kamar yadda ba a fasa "cin fuska" a nemi cokali.

Game da atisaye, kada ka juye musu duk wannan a rana ɗaya. Ma'ana uku a mako ta wadatar. Kowane ɗalibi ya ware shafi a bayan littafinsa, duk inda ya ci karo da kalmar, a littafin karatu ko tsohuwar jarida ko jikin buhun taki, ya kwafe jimlar gaba ɗayanta, ba kalmar kaɗai ba, ya rubuta Hausarta a ƙasa yadda zai faɗa wa kakarsa ta gane. Idan akwai ƙamus a makarantar, ko a wayar malam, a hana su tsayawa a ma'anar farko, su gangara su karanta misalan har sai sun sami wanda ya yi kama da jimlarsu. Ranar Juma'a kafin a tashi, ka juya aikin: kai ka faɗi Hausar, kamar "fetur ya ƙare mana a Wudil" ko "Inna ce take gudanar da adashen unguwarmu", su kuma su kawo Turancin.

A ƙarshen zangon sai ka gwada su da irin tambayar da take zuwa a sashen fahimtar labari, inda ake cewa a kawo wata kalma da za ta maye gurbin wadda aka ja wa layi. A nan ka tuna musu cewa siffar kalmar tana sauyawa zuwa "ran" idan aikin ya wuce, kuma dole wadda za su kawo ta dace da wannan lokaci. Idan labarin ya ce "she ran the school", amsar ita ce "managed", wanda kuwa ya rubuta "manage" ya gane ma'anar sarai amma mai duba takarda ba zai ba shi makin ba.