Aikin sa kai na koyarwa a ƙauyen masunta: shiri daga Kaduna zuwa gaɓar tekun Gana

Ga mutumin Kaduna da ke son ya fita waje ya koyar kyauta, gaɓar tekun Gana na cikin wuraren da suka fi sauƙin isa. Ba a neman biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ya zauna har kwana 90. Turanci ne harshen hukuma, tsarin makaranta kuma ya yi kusa da namu: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Tun daga Keta da Ada a gabas har Anomabo da Elmina da Axim a yamma, ƙauyukan masunta ne jere a bakin ruwa. Sai dai a waɗannan ƙauyuka teku ne ke tsara wa mutane lokaci, kuma wanda ya je da jadawalin da ya rubuta a ɗakinsa na Unguwar Rimi zai yi ta zama shi kaɗai da allo.

Ta hannun wa za ka je

Hanya uku ce. Akwai shirin gwamnatin tarayya na TAC (Technical Aid Corps), wanda aka kafa a 1987, yana tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, amma su ne ke zaɓa maka ƙasa. Akwai manyan ƙungiyoyin aikin sa kai irin su UNV ta Majalisar Ɗinkin Duniya da VSO ta Birtaniya, waɗanda ke tallata gurabe a intanet suna neman mai takardar shaida da gogewa. Ta uku ita ce ƙaramar ƙungiyar gari ko makarantar da za ka yi magana da ita kai tsaye. Yawancin masu zuwa na wata biyu ko uku ta nan suke bi, kuma nan ne damfara ta fi yawa.

Kafin ka tura ko sisi, nemi abu huɗu: takardar rajistar ƙungiyar, wasiƙar gayyata mai ɗauke da sunanka da ranar zuwa da ranar tafiya, lambar wayar hedimastan makarantar, da lambar wani da ya taɓa yin aikin a wurinsu. Kira hedimastan da kanka ka tambaye shi aji nawa za ka shiga, wane malami za ka taimaka wa, kuma ko ofishin ilimi na gundumar ya san da zuwanka. Idan ya yi ta kame-kame, ko ƙungiyar ta ce ba sai ka yi magana da shi ba, ka janye. Idan za su karɓi kuɗin masauki da abinci, su rubuta maka nawa ke zuwa ga mai gida, nawa ga makaranta, nawa ga ofis. Wanda kuma ya yi maka tayin gidan marayu, ka ba shi haƙuri. Yaran da ba su da iyaye a kusa su ne suka fi cutuwa da baƙon da zai shaƙu da su ya ɓace bayan wata biyu.

Takardu da hanya

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Katin rigakafin cutar shawara dole ne, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka kada ka bari sai satin tafiya. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ka karɓi katin a ofishin lafiya na hukuma irin wanda ke filin jirgin sama na Abuja. Na 'yan bakin boda jabu ne, kuma kai za ka kwana a ciki idan aka gane. Ƙungiya mai tsari za ta nemi takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sanda tunda da yara za ka yi aiki. Idan ba su nema ba, wannan ma alama ce.

Ka tsara zamanka a kan mako 12, wato kwana 84, ya bar maka rarar kwana shida ta hanya da jinkiri. In har za ka wuce kwana 90, ƙungiyar ta kai ka ofishin shige da fice na Gana a ƙara maka wa'adi tun kafin ya cika. Zuwanka kuma ya dace da buɗe zangon karatu. Hedimasta ne zai faɗa maka ranar.

Mai kuɗin jirgi sai ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ya tashi daga Abuja ko Legas zuwa Akra. Mai bin mota zai ƙetare boda uku daga Legas: Seme zuwa Binin, Hilakonji zuwa Togo, sannan Aflao zuwa Gana. A kowace boda ka sauka da ƙafarka a buga maka hatimin fita da na shiga, ka duba ranar da aka rubuta. Kada ka bar wa yaron mota fasfonka ya ce zai "daidaita". Rashin hatimin shiga ba ya damun kowa ranar zuwa, sai ranar komawa. Daga Akra, motocin Cape Coast da Elmina a tashar Kaneshie suke lodi, tafiyar kusan kilomita 150. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya.

Kuɗi kuwa, lissafa abincin wata uku da na mota da na magani, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ka ware kuɗin komawa gida a wani wuri dabam da ba za ka taɓa ba. Katin bankin naira ba abin dogaro ba ne a waje. Canza wani abu zuwa sidi, kuɗin Gana, in ka isa ka buɗe asusun kuɗi na waya, domin da shi ake ciniki har a ƙauye.

Satin farko: kada ka koyar da komai

Gaisuwa tukuna. Wanda ya gayyace ka ya kai ka wurin sarkin gari, da kansilan yankin, da sarkin masunta, wanda 'yan ƙabilar Fante ke kira Apofohene, da shugabar mata masu sayar da kifi. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu iko da lokacin iyaye da na yara, kuma kalma ɗaya daga bakinsu ta fi takardar sanarwa ɗari. Tambayi mai masaukinka abin da ake riƙawa in za a je gaban sarki. Idan garin na da zango, ka je ka gaida Sarkin Zango da liman. Can za ka ji Hausa, ka samu masallaci da mahauci, ka sha koko da ƙosai da safe. Sai dai kada zango ya zama gidanka na dindindin, ka wayi gari wata uku ba ka iya gaisuwa da harshen yaran da kake koyarwa ba. Yammacin Akra Fante ne, can ƙurya Nzema, a Ada Dangme, a Keta Ewe. Gaisuwa, ƙirge zuwa 20, "zauna", "saurara", "sake faɗa", "madalla": waɗannan ka haddace su a satin nan.

Sauran kwanakin ka zauna a bayan aji da littafi kana rubuta abin da ka gani. Ƙarfe nawa yara ke cika? Wace rana aji ke raguwa? Za ka lura cewa ranar da ake jan taru da safe, manyan yara maza ba sa zuwa sai hantsi, suna warin kifi suna gyangyaɗi. 'Yan mata kuma ana riƙe su a gida ranar da jirage suka dawo da kaya, su ɗauki kwano a ka su kai wurin banda. Daga Yuli zuwa Satumba kifi ya fi kamuwa, mata na kwana gaban murhun banda, ba wanda zai saurari zancen ajin yamma. A galibin ƙauyukan gaɓar Gana kuma ba a fita kamun kifi ranar Talata. Ranar gyaran koma ce da zaman shawara. Ajin manya maza ranar Talata ake sa shi, a inuwar da suke ɗinkin koma in sun yarda. Na mata kuwa su za su zaɓi lokacin, kuma za su canza shi in kifi ya zo. Ka bi su.

Gwaji da rarraba yara

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar littafin aji biyar a koyar da 'yan aji biyar. Cikinsu akwai mai karanta labari tiryan-tiryan, akwai wanda bai gama sanin baƙaƙe ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanya mai sauƙi ta magance wannan, kuma ba ta buƙatar komai sai takarda ɗaya. A kanta ka rubuta baƙaƙe 10, kalmomi 10 gajeru, sakin layi mai jimla huɗu, da ɗan labari. Kira yara ɗaya bayan ɗaya, minti biyar kowanne, malamin ajin na zaune kusa. Fara da sakin layi: in ya iya ka hau da shi zuwa labari, in ya kasa ka sauko zuwa kalmomi, sannan baƙaƙe. Lissafi ma haka: gane lambobi, tarawa, ɗebewa mai aro, rabawa. Rubuta matakin kowa a rajista.

Sai ka raba su rukuni uku bisa mataki, ba bisa shekaru ba. Ɗan shekara 13 da ya faɗo rukunin baƙaƙe zai ji kunyar zama da ƙananan yara, don haka ba shi muƙami, shi ne mai raba allo ko mai kiran suna. Kada ka wuce yara 25 a zama ɗaya. Minti 90 ya isa: 10 na hira a kan abin da ya faru a bakin ruwa jiya, 20 na karanta labari da ƙarfi kana bin kalmomi da yatsa, 30 na aikin rukuni, 25 na lissafi, biyar na rajista. Bayan kowane mako huɗu ka maimaita gwajin, wanda ya ci gaba ya canza rukuni. Idan bayan gwaji biyu rukuni bai motsa ba, yawanci ɗayan biyu ne: ko yaran ba sa zuwa a kai a kai, ko ba sa jin Turancinka. Lafazinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Rage sauri, kuma ƙananan yara a bar malamin gari ya yi musu bayani da harshensu.

Manya ba su zo don waƙar baƙaƙe ba. Mai bandar kifi tana so ta rubuta wa ya ci bashinta da nawa, ta karanta saƙon kuɗi a wayarta ba sai ta miƙa wa wani ya ga abin da ke asusunta ba. Mai jirgi yana so ya lissafa kuɗin mai da kason ma'aikata. Da waɗannan za ka fara tun ranar farko, da littafin bashi na gaske da waya ta gaske.

Kayan aiki da abin da gishiri ke yi musu

Iskar teku na ɗauke da gishiri da laima. Ƙarfe na tsatsa cikin makonni, takarda na yin laushi, takalmin fata da littattafan da aka jingina da bango na yin hunhuna, alli ma yana jiƙewa ya ƙi rubutu. Ajiye alli da takardu a bokitin roba mai murfi. Katunan baƙaƙe a yanka su daga kwali a naɗe da salatif mai faɗi. Don ƙirge, marafan kwalba da bawon katantanwar ruwa sun wadatar, yara za su tara maka ɗari biyu a yini. Littattafan rubutu da fensir ka saya a can, ya fi arha a kan dako, kuma mai shagon gari ya amfana. Tsofaffin kwamfutoci na sadaka ba su da amfani inda wuta ke ɗaukewa kuma babu mai gyara. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, sai ka riƙe fitila mai caji da hasken rana.

Jikinka da mutuncinka

Gidan sauro ka tafi da naka. In zazzaɓi ya kama ka, a yi gwaji kafin magani. Ruwan rijiyar bakin teku sau da yawa yana da gishiri-gishiri, ka tafasa ko ka sayi na leda. Teku kuma ba kogin Kaduna ba ne: akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, saman ya yi lumui kamar ba komai. Kada ka shiga sai inda masunta suka nuna maka. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman tudu kai tsaye. Ka yi iyo a gicciye, gefe-gefe da gaɓa, har ka fita daga jan. Kai yara wanka kuwa babu shi a aikinka.

Hukumar ilimi ta Gana ta hana duka a makaranta, ko ka ga wani malami da bulala kai ba ruwanka da ita. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki, kada yaro ya shigo masaukinka, kada ka sa hoton ɗan wani a Facebook ba da izinin iyayensa ba. Wa'azi ma ka bar shi, Musulmi ne kai ko Kirista. Da zarar iyaye sun yi zargin ka zo sauya wa 'ya'yansu addini, aji ya watse. Idan ke mace ce, ki nemi masauki a gidan da akwai uwar gida, ki tabbatar ƙofar ɗakinki na da sakata ta ciki kafin ki biya.

Kyauta ga yaro ɗaya tana jawo gaba tsakanin gidaje. Abin da za ka bayar ya bi ta hannun hedimasta, na aji ne gaba ɗaya. Kuma kada "in sha Allahu zan duba" ya fito daga bakinka a kan kuɗin makaranta ko kai wani Najeriya, domin a kunnen uwar yaron alkawari ne.

Miƙa aiki

Tun mako na biyu ka samu mutum biyu 'yan gari, malami ɗaya da wani matashi da ya gama sakandare, su riƙa zama a kowane darasi. Zuwa mako na shida su riƙe rabin darasin, daga na tara su riƙe duka kai kana baya, gyara kuma sai bayan yara sun tashi. Gwajin ƙarshe su za su yi shi. Ka bar musu rajista, takardar gwaji guda 10, bokitin kaya, da shafi biyu da ke bayyana yadda ake tafiyar da minti 90 ɗin. Kwafi ɗaya na sakamakon gwajin farko da na ƙarshe ya je wa hedimasta, ɗaya ga ƙungiyar. Sanar da yara ranar tafiyarka da saura mako biyu, ka koma ka yi sallama da duk waɗanda ka gaisar a satin farko, sannan ka karɓi wasiƙar shaidar aiki mai hatimin makaranta kafin ka hau mota, don samun ta daga Kaduna ta waya yana da wuya.