Yadda Ake Lissafin Yiwuwar Fitowar Kati a Wasan Karta

Ka nemi sabuwar karta irin wadda ake sayarwa a kasuwar Taminus, ka cire joka, sannan ka ƙirga ka tabbatar saura kati 52: gida huɗu, kowane gida kati 13, da as ɗaya da sarki ɗaya a cikinsa. Da ita nake koya wa ɗalibaina wannan darasi a nan Jos, domin abin da yaro ya riƙe a hannunsa ya fi zama masa a ka fiye da abin da aka rubuta a allo. Ba za mu zuba ko sisin kwabo ba, caca kuwa kowa ya san hukuncinta. Lissafin da ke ƙarƙashinta muke bi.

Tushen abin guda ne. Ka ɗora yawan katin da kake nema a kan yawan katin da idonka bai gani ba tukuna. Yiwuwar zaro as daga cikakkiyar karta 4 ce cikin 52, wato 1 cikin 13.

Idan tambayar ta zo da "ko", tarawa ake yi, amma a lura da katin da ya shiga ɓangare biyu. Mai neman as ko kati mai alamar zuciya zai tara 4 da 13 ya sami 17, alhali ya ƙirga as na zuciya sau biyu, don haka amsar 16 ce cikin 52.

Idan kuma ta zo da "da", ninkawa ake yi, kuma a nan mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Wanda yake son as biyu a jere yakan ninka 4 cikin 52 da 4 cikin 52, ya sami 1 cikin 169, wanda ba daidai ba ne sai idan an mayar da katin farko an sake gauraya kartar. Ka zaro as ɗaya ka ajiye shi a kan tebur, ka ƙirga abin da ya rage a hannunka: kati 51, as uku kacal. Wannan 3 cikin 51 ita ce yiwuwa mai sharaɗi, wato yiwuwar abu na biyu bayan an san na farko ya auku. Ninka ta da 4 cikin 52, za ka sami 12 cikin 2,652, wato 1 cikin 221.

A wasan bilakjak na gidajen caca, inda ake fara raba wa kowa kati biyu, har da shi mai rabon, hannun da ya fi kowane shi ne as tare da kati mai darajar goma, irin waɗannan kuwa 16 ne: goma-goma huɗu da masu hoto 12. As zai iya zuwa da fari, 4 cikin 52 sau 16 cikin 51, ko ya zo daga baya, 16 cikin 52 sau 4 cikin 51. Kowace hanya ta ba da 64 cikin 2,652, kuma tunda ba sa aukuwa tare sai a tara su, a sami 128 cikin 2,652, kimanin kashi 4.8 cikin ɗari.

Misalin da na fi so shi ne abin da suke kira inshora. Katin mai rabo na buɗe as ne, ɗayan yana kife, sai a yi wa ɗan wasa tayin ya zuba kuɗi a kan cewa na kifen mai darajar goma ne, idan ya dace a mayar masa da kuɗinsa, a kuma biya shi ninki biyu. A ce katunan ɗan wasan biyu bakwai ne da biyar. Ya ga kati uku ke nan, saura 49, kuma duk 16 ɗin suna cikinsu. Wani ɗalibina ya taɓa ja da ni, ya ce ai katin kifen ya riga ya bar kartar, a cire shi daga lissafi. Ba a cire shi, domin sharaɗin abin da ka sani ne, katin da ba ka ga fuskarsa ba kuwa daidai yake da wanda ba a raba ba.

Yanzu ka ƙaddara an maimaita wannan yanayi sau 49, ana zuba naira 1,000 kowane karo. A matsakaicin lissafi za a ci sau 16, a karɓi naira 32,000, a faɗi sau 33, a rasa naira 33,000. Biyan ninki biyu ba ya zama raba-daidai sai yiwuwar ta kai 1 cikin 3, ita kuwa 16 cikin 49 ta tsaya a kashi 32.7 cikin ɗari. Idan katunan ɗan wasan sarki ne da goma, lokacin da zuciya ta fi kwaɗayin tayin, masu darajar goman sun ragu zuwa 14 cikin 49, kashi 28.6 kawai. Gidajen caca da yawa sukan haɗa karta shida wuri guda, kati 312. Ka sake lissafin bakwai da biyar ɗin nan da kanka a kan haka, ka ga ko za ka sami 96 cikin 309.