Yadda Ake Kai Ɗalibai Fagen Yaƙin Alwasa

Ni malamin tarihi ne, kuma shawarata ita ce a fara da Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, yara su ga masu da takubba da idonsu. Daga nan a wuce Alwasa, inda a 1805 Kabawa da Gobirawa da Abzinawa suka haɗu suka karya rundunar jihadi, har ta ja da baya zuwa Gwandu.

Kafin ranar, ka je ka gaida mai gari, ka roƙi a haɗa ka da dattijon da ya san wurin. Da shi za ku tsara inda za a tsaya. A tafi bayan girbi, kada a tattake gonakin mutane, a kuma ɗauki ruwa da yawa.

Wasan kwaikwayon yaƙin da ɗalibai za su yi a wurin shi ne ke buƙatar hankali. Karan dawa ya isa a matsayin mashi, ban da ƙarfe. A cikin ɗaliban nan akwai jikokin kowane ɓangare, shi ya sa ba na yarda a yi wa wani gori, ko da wasa. A yi wa mamatan addu'a gaba ɗaya.

Idan lokaci ya rage, a ƙarasa Gwandu, hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo.