Yadda ake zaɓar injin espresso mai liba don gida, musamman mu da ke nan Bauchi

Tun da na ajiye injin gahawa mai liba a falo kusan duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya wai wannan fa na mene ne, wani ma ya ɗauka abin matse lemo ne. Wanda kuma ya ɗanɗana sai ya ce shi ma yana so, a ina ake samu, nawa ne. To gaskiya amsar ba ta tsaya a nawa ne ba, don na ga wanda ya kashe kuɗi masu yawa ya sayo mai ƙyalli daga waje yanzu yana nan a saman kabad ƙurar hunturu ta rufe shi, kuma abin yana min ciwo don injin lafiyarsa lau, zaɓin ne bai dace da gidansa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda zan bi da ni ne zan saya yau.

Da farko ka san me kake saya. Espresso ita ce gahawar nan 'yar kaɗan mai kauri da ake tura ruwan zafi da ƙarfi ya ratsa garin gahawa mai laushi, matsin da aka saba ambata bar 9 ne, bar ɗin ma'aunin matsi ne, kuma abin bai wuce daƙiƙa 25 zuwa 30 ba ya gama zuba. Yawancin injinan zamani famfon lantarki ne ke yin wannan turin. Shi kuwa mai liba hannunka ne famfon, kai za ka ja libar, wato ƙarfen da ke jikinsa, fistin ya danna ruwan. Ba sabon abu ba ne, wani ɗan Italiya Achille Gaggia ne ya fito da shi a Milan wajen 1947 zuwa 1948, kuma daga injinsa ne aka fara ganin kumfar nan mai ruwan zuma da ke kwanciya a saman kofi wadda suke kira crema.

Iri uku ne za ka tarar. Akwai mai tukunya a jiki wanda ke dafa ruwansa da lantarki kuma kai ne kake danna ruwan kai tsaye, shahararrensu La Pavoni Europiccola wanda aka fara yi tun 1961 har yau ana yi, da Professional wanda ya fi shi girma, da Olympia Cremina na Suwizalan wanda tsadarsa ta wuce misali. Akwai mai sifirin, irin Elektra Micro Casa a Leva da Ponte Vecchio, shi kana jan libar ƙasa ne ka matse sifirin ka saki, sifirin ɗin ne zai tura ruwan, don haka kofin yau da na gobe sun fi yin kama da juna. Amma a kula, in ka saki libar babu gahawa a ciki da ƙarfi take komawa sama, tana iya samun mutum a haɓa, gidan da akwai yara masu taɓe-taɓe a yi tunani. Sai na uku wanda ba shi da tukunya ba shi da waya, ka tafasa ruwanka a buta ka zuba ka danna, su ne Cafelat Robot da Flair da ROK.

Mataki na biyu, kuma wallahi a wurina shi ne babba, ka dubi wutar unguwarku. Kar ka dubi wutar da kake fata, ka dubi wadda ake kawowa da ƙarfe shida na safe lokacin da ka dawo daga masallaci kana son kofinka. La Pavoni yana jan wajen wat 1000, kuma yana buƙatar kamar minti goma ko fiye kafin ya yi zafi. In kana da sola da inbata mai ƙarfi to babu damuwa, amma ƙaramar inbatar fanka da talabijin ba za ta so shi ba, haka ƙaramin janareta, kuma tayar da janareta saboda kofi ɗaya da tsadar man nan ba abin da za ka jure ba ne, sati biyu za ka daina. Ga kuma wutar da ke zuwa rabi-rabi wadda ke cinye kayan lantarki a hankali. Wannan ne ya sa ni nake cewa mutum tara cikin goma da suka tambaye ni su sayi marar waya. Gas ko risho ko ma gawayi, in dai ruwa zai tafasa to za ka sha espresso, kuma ɗanɗanon ba ya ƙasa da na mai tsada, na sha na gwada.

In kuma ka nace sai mai lantarki, to ka karanta 'yar takardar da ke ƙasan injin kafin ka biya. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 110 zuwa 120, wanda aka yi wa kasuwar Amurka in ka jona shi a nan kai tsaye ya ƙone. Ka nemi na Turai ko na Ingila. Ɗan uwa da ke Amurka ya ce zai aiko maka, ka gode masa ka ce ya aiko marar waya.

Na uku, mutum nawa za su sha, kuma da madara ko babu. Nan ne mai tukunya ya fi, don yana da bututun tururi da ake kumfanta madara da shi, in uwargida kafucino take so ko gahawa mai madara da yawa to La Pavoni zai yi mata. Robot da Flair ba su da tururi sam, sai dai ka ɗuma madarar daban ka kaɗa. Amma shi ma La Pavoni yana da halinsa, kan injin manne yake da tukunya, bayan kofi biyu ko uku sai ya yi zafi fiye da kima gahawar ta fara ɗaci kamar ta ƙone, sai ka kashe ka jira ko ka naɗa masa tsumma mai sanyi. Kuma tukunyar Europiccola lita 0.8 ce kawai, ta Professional 1.6, in ruwan ya ƙare ba a buɗe murfin sai matsin ya sauka gabaɗaya, wannan kar a yi wasa da shi tururi yana ƙona mutum sosai. Don haka in tunaninka ranar sallah ka yi wa baƙi goma kowa kofinsa, babu ɗaya cikin waɗannan da zai yi maka cikin sauƙi, gara ka dafa shayi a babbar buta. Injin mutum ɗaya ne ko biyu, mai son zama ya yi abin a natse.

Na huɗu shi ne wanda kowa ke tsallakewa, abin niƙa. Kafin ka ware kuɗin inji ka ware na abin niƙa, in ma kuɗin ba zai kai duka biyu masu kyau ba to ka rage na injin. Dalili kuwa, a espresso laushin garin ne ke riƙe ruwan. In garin ya yi tsaki-tsaki ruwan zai wuce fuu cikin daƙiƙa takwas ka samu abu mai tsami salam, in ya yi laushi da yawa ka danna ka danna har ka tsaya a kan libar ko ɗigo babu. Tsakanin waɗannan biyun tazarar kaɗan ce ƙwarai, sai abin niƙa mai haƙoran ƙarfe da ake saita shi daki-daki. Bilenda ba za ta yi ba, turmi ba zai yi ba, injin markaɗen unguwa kam kar ma a fara don gahawarka za ta dawo da ƙamshin tattasai da daddawa. Na hannu masu kyau akwai 1Zpresso da Kingrinder da Timemore da Comandante, ka tabbatar dai wanda ka ɗauka an ce yana niƙa na espresso don ba duka ba ne. Su ma ba sa cin wuta. Garin gahawa na leda da ake sayarwa a manyan shaguna yawanci bai kai laushin ba kuma ya kwana biyu, sai dai in kwandon injin, wato ɗan mazubin da ake saka garin a ciki, na musamman ne mai ƙaramar ɓula da ke riƙe matsi da kansa, irin wanda ke zuwa da Flair Neo. Ita kuwa Nescafé ta mai shayi narkewa take, ba a saka ta a inji ko kaɗan.

Tunda an zo nan bari in ce wani abu kan ƙwayar. Mutane da yawa ba su san ana noman gahawa a tsaunin Mambila a Taraba ba, nan maƙwabtanmu, kuma akwai masu soya ƙwayar gida suna aikowa daga Abuja da Legas da Jos. Ka nemi wadda aka rubuta ranar suya a jiki, wadda ba ta wuce wata ɗaya ko biyu ba. Tsohuwar ƙwaya ba ta kumfa ko injin miliyan nawa ne.

Na biyar ruwa. Leƙa cikin butar da kuke dafa ruwa, in ka ga farin abu ya kama gindinta kamar alli to haka zai kama cikin tukunyar injin da kan hita, a hankali ya toshe hanyoyi. Ruwan rijiya da na burtsatse a unguwanni da yawa haka yake. Mai tukunya zai buƙaci ruwan roba ko tacacce da kuma wanki da sinadarin tsamin lemo lokaci-lokaci. Marar tukunya butarka ce za ta ɗauki allin, injin ɗauraya kawai.

Sai batun zafi, wanda shi ne raunin marasa waya. Ana son ruwan ya taɓa gahawa yana tsakanin 90 zuwa 96 a ma'aunin Salsiyos. Bauchi tana kan tudu kusan mita 600, ruwanmu yana tafasa ne a wajen 98, to ka zuba shi cikin ƙarfe mai sanyi da asubar Disamba ka ga yadda zai sauka. Flair na asali dole sai ka fara jiƙa silindar a tafasasshen ruwa ko ka ɗora ta a bakin buta tururi ya buge ta, kuma kowane kofi sai ka warware ka wanke ka sake haɗawa, wannan ɗawainiyar ce ke gajiyar da wasu. Flair 58 an sa masa hita ƙarama da ke ɗuma kan, wato ya dawo yana son wuta ke nan ko da kaɗan ce. Robot kwandonsa mai zurfi ne kuma siriri, ruwan a ciki ake zubawa kai tsaye, in gahawar mai duhun suya ce ba sai ka ɗuma komai ba. Shi nake amfani da shi kuma dalilina ke nan, hannu biyu ne kana danna su tare, babu abin lalacewa sai roba ɗaya a jikin fistin. In za ka saya ka ɗauki mai agogon matsi, wata ukun farko agogon ne malaminka, daga baya hannunka zai gane da kansa.

Na shida kayan gyara. A kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ba za ka samu robar fistin ba, don haka ranar da ka yi odar inji ka haɗa da robobi biyu ko uku da man silikon na abinci, kuɗinsu kaɗan ne amma kuɗin aiko su su kaɗai daga baya shi ne ciwon kai. Ka kuma san faɗin kwandonka kafin ka sayi madanni, wato abin danne garin a cikin kwando. Na shagunan gahawa milimita 58 ne kuma kayansa sun fi samuwa, La Pavoni tsofaffi 49 ne, waɗanda aka yi daga wajen shekarar 2000 kuma 51, mutane suna yawan sayo madannin da bai shiga ba saboda wannan.

In wanda aka yi amfani da shi za ka saya, irin wanda ake samu cikin kayan gwanjo na waje, La Pavoni ya fi yawa kuma yana da kyau don ana gyara shi har ya shekara arba'in yana aiki. Ka kifa shi ka duba ƙasan gindin ko ya yi tsatsa, ka buɗe murfi ka haska tocila cikin tukunya, ka zuba ruwa ya rufe hita kafin a jona, kar ka yarda a kunna shi babu ruwa ko na daƙiƙa kaɗan ne. Ka jira ya yi zafi ka ga ko yana yoyo ta gefen kai, ka ɗaga liba ka ji ko tana tafiya sumul. Ka tabbatar hannun da ake saka kwando a ciki yana nan don shi kaɗai kuɗi ne.

Ranar da ya iso, ka samu ƙaramin sikeli mai auna giram, irin na masu zinari ma ya yi. A Robot ko Flair 58 ka auna giram 18, a La Pavoni wajen 14 don kwandonsa ƙarami ne. Ka niƙa, ka baje garin ya kwanta daidai, ka danne shi a miƙe, ka zuba ruwa. Ka fara da dannawa a hankali na daƙiƙa biyar zuwa goma har garin ya jiƙa ka ga ɗigon farko, sannan ka ƙara ƙarfi agogo ya kai 6 zuwa 8, ba dole sai 9 ba, ka riƙa sassautawa yayin da ruwan ke yin fari. Abin da ake nema ninki biyu na garin, wato 18 ya ba ka 36 a kofi. In ya yi tsami kuma ya zubo da sauri ka ƙara laushi, in ya yi ɗaci ya ƙi fita ka rage. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kowane gwaji, kuma ka sayi ƙwaya rabin kilo iri ɗaya don satin farko, kwata ba za ta ishe ka saiti ba.